Yadda za ka auna shirin tashar nukiliya kafin ka ce ka yarda

Wani abokin hulɗata ne, Alhaji ɗan Maraɗi da ke sayen hatsi a Dawanau, ya ja ni cikin wannan magana. Ya kawo janaretansa gyara shagona a Sharaɗa, muna zaune a benci yara suna kwance kan injin, sai ya ce, "Injiniya, don Allah warware mini wani abu. A ƙasarmu ake haƙo yuraniyom, a kai shi ya haska Faransa, mu kuwa muna kwana a duhu. Me ya hana mu gina tamu tashar?" Na ce, "Alhaji, tambayarka tana kan hanya, amma amsarta ba ta tsaye ba ce. Bari a kawo shayi."

Na yi shekara 24 ina kula da lantarki a masana'antun Bompai da Challawa kafin na buɗe shago. Na ga masaƙu sun rufe saboda kuɗin dizal, na ga magidanta sun koma gida da takardar sallama a hannu. Saboda haka ina cikin masu son nukiliya. Wuta ce da ba ta jiran rana, ba ta jiran damina, ba ta hayaƙi, kuma tasha ɗaya tana iya yin shekara 60 tana aiki. Sai dai duk 'yan watanni sai mu ji a rediyo wata ƙasar Afirka ta sa hannu a yarjejeniyar nukiliya, a tafa, a watse, ba wanda ya san yadda zai gane ta gaske da ta hoto. Abin da na faɗa wa Alhaji ran nan shi na zo in shimfiɗa a nan, yadda kai ma za ka iya aunawa da biro da takarda.

Da farko ka ajiye maganar tashar a gefe. Nemo lamba ɗaya tak: megawat nawa babban layin wutar ƙasar yake ɗauka a ranar da aka fi shan wuta? Wadda take isa ga jama'a nake nufi, ban da abin da aka rubuta a jikin injunan da ke kwance. Raba lambar gida 10. Abin da ya fito, kusan shi ne girman inji guda mafi girma da layin zai iya jurewa. Tsohuwar ƙa'ida ce a wajen injiniyoyi, kuma da ita Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, mai hedikwata a Biyana, take ba ƙasashe shawara.

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin janareta ya san dalilinta. A wata masana'anta da na zauna muna haɗa manyan janaretoci 3 su ja lodi tare. Ranar da ɗaya ya mutu kwatsam, duk nauyinsa sai ya faɗo a kan biyun. Za ka ji muryarsu ta yi ƙasa, ƙwayayen fitila su yi ja, allurar da ke auna saurin juyin wuta ta bar 50, inda ya kamata ta tsaya, ta fara gangarowa, kafin ka kai hannu su ma sun bi ɗan'uwansu. Babban layin ƙasa haka yake, girma kawai ya fi. In inji ɗaya ne ke riƙe da rubu'in wutar ƙasa, ranar da ya tsaya ƙasar gaba ɗaya ce ta tsaya. Kuma zai tsaya, domin an gina injin nukiliya ne ya kashe kansa da zarar ya ji abin da bai gamsu da shi ba. Ban da wannan, duk shekara ɗaya zuwa biyu ana kashe shi na makonni don a sauya masa makamashi.

To, yi lissafin. Manyan injunan da ake sayarwa yau daga megawat 1,000 suke zuwa 1,600. Nijeriya, duk yawanmu, abin da babban layinmu ke rabawa yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000, wato ƙa'idar ta ba mu inji mai 400 ko 500. A wajen lantarki mu ma ƙaramar ƙasa ce. Nijar kuwa duk buƙatarta ba ta kai megawat 1,000 ba, inji ɗaya ya fi ƙasar duka. Da na kai nan sai Alhaji ya ajiye kofi ya ce, "Ashe dai ba namu ba ne." Na ce a'a, saurara, akwai ƙananan ƙasashen da suka samo hanya.

Sulobeniya mutanenta ba su wuce miliyan 2 da 'yan kai ba, amma tana da tashar Krško mai kusan megawat 700 tun 1983. Dabarar ita ce ba ita kaɗai ta mallake ta ba. Ita da Kuroshiya ne, rabi da rabi, wuta a raba biyu, ɗawainiya a raba biyu, kuma layukansu a haɗe suke da na sauran Turai, in tashar ta tsaya maƙwabta su tallafa nan take. Finlan mai mutum kamar miliyan 5 da rabi ta gina inji mai 1,600, ya yi wa layinta girma, sai aka ƙulla yarjejeniya da wasu manyan masana'antu cewa in ya faɗi kwatsam za a yanke musu wuta a take don layin ya tsira. Don haka in ka ga shirin ƙaramar ƙasa, duba ko akwai sunan maƙwabciya a ciki, da layin da zai haɗa su, da wanda zai biya kuɗin layin. Mu a nan akwai haɗakar lantarki ta Afirka ta Yamma da ƙungiyar ECOWAS ta kafa a 1999, akwai kuma babban layin da ake ja daga Birnin Kebbi zuwa Yamai har Wagadugu. Amma ban ɓoye wa Alhaji abin da shi ma ya sani ba: a 2023, bayan juyin mulki, an yanke wutar da Nijar ke saye daga Nijeriya, alhali ita ce mafi yawan wutar da ƙasar ke sha. Tashar haɗin gwiwa tana buƙatar yarjejeniyar da ba ta mutuwa ranar da shugabanni suka saɓa.

Akwai ɗaya gefen kuma da mutane ba su cika sani ba. Tashar nukiliya ita ma mai shan wuta ce. Ka san tukunyar tuwo, ko an janye itace garwashin yana nan yana ci. Idan aka kashe injin nukiliya, zafin da ya rage a cikinsa a daƙiƙar farko ya kai kashi 6 ko 7 cikin 100 na zafin aikinsa. Bayan kwana guda yana sauka ƙasa da kashi 1, amma ko wannan ya isa ya narka makamashin in ba famfo yana zagaya ruwa ba. Famfo kuwa sai da wuta. Abin da ya faru a Fukushima ta Japan a watan Maris na 2011 ke nan. Injunan sun kashe kansu daidai lokacin girgizar ƙasa, layin waje ya yanke, sai ambaliyar teku ta shanye janaretocin ko-ta-kwana. Rashin wutar sanyayawa ne ya jawo masifar. Ni da na ƙare rayuwata a kan janareta, wannan labari yana taɓa ni ƙwarai. Ka tuna Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, muka yi kwana da kwanaki Kano ba ko ƙyalli. Tambayi masu shirin: layuka nawa ne masu zaman kansu za su shiga tashar, sau nawa babban layin ƙasar ya faɗi a shekarar da ta wuce, kuma me aka ware don gyara shi kafin a zuba kankaren farko? Shirin da ba shi da kasafin layi da tiransfoma, daga rufi ya fara gini.

Daga nan sai kuɗi. Kada ka tsaya a kan farashin da aka faɗa ranar sa hannu. Nemi abu uku: wa zai ba da bashin, nawa ne kuɗin ruwansa, kuma wa zai ɗauki asara in aiki ya yi jinkiri. Makamashin nukiliya ba shi ne mai tsada ba, ginin ne, kuma ana kashe kuɗin ne shekaru kafin a sayar da wutar ko ta ƙwan fitila ɗaya. A ce ƙasa ta ranto dala biliyan 10 a kan ruwa kashi 8 cikin 100. Duk shekarar da aka ƙara ba a kunna ba, dala miliyan 800 ta hau kanta. Mu nan ba ma son jin kalmar ruwa, kuma da gaskiyarmu, amma da wannan sharaɗi ake ba ƙasashe irin wannan bashi, dole mai aunawa ya sa shi a lissafi. Jinkiri kuwa ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. Injin nan na Finlan, Olkiluoto na 3, an fara shi a 2005 da niyyar gamawa a 2009, bai fara aiki sosai ba sai Afrilun 2023. Finlan ta jure saboda tana da wata wutar, tana da arziki, kuma kwangilar ta ɗora babban kaso na asarar a kan masu ginin. Filifin ba ta yi wannan sa'a ba. Ta kammala tashar Bataan a 1984, aka jingine ta a 1986 ba tare da ta ba da wuta ko sau ɗaya ba, talakawan ƙasar kuma suka ci gaba da biyan bashinta har 2007.

Masar ta bi ta hannun Rasha, rancen dala biliyan 25 don injuna 4 a Dabaa, jimillarsu megawat 4,800, an fara gini a 2022. Turkiyya kuwa a Akkuyu barin kamfanin Rasha ta yi ya gina, ya mallaka, ya gudanar, ita ta riƙa sayen wuta. Kowace hanya da igiyarta. Wanda ya gina maka tasha, a wajensa za ka riƙa neman makamashi da kayan gyara da ƙwararru har jikokinka su girma. Finlan ta soke kwangilar wata tasha da ta ƙulla da Rasha a watan Mayun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, kuɗin da aka riga aka zuba ya tafi. Ƙaramar ƙasa ta zaɓi abokin wannan tafiya yadda ake zaɓen gidan da za a nemi aure, a duba asali, a duba hali, a duba yadda yake in rai ya ɓaci.

Sai kuma ka tambayi wanda zai sayi wutar. Wannan tambaya ta gida ce. Tasha irin wannan tana buƙatar mai saye da zai biya duk wata, ba fashi, shekara 30 ko fiye. Inda rabin gidaje ba mita, ana kawo takardar kuɗi ta ƙiyasi, mutane suna ƙin biya saboda ba su ga wutar ba, kamfanin rabawa ya kasa biyan mai samarwa, a wannan sarƙa ba wanda zai ba da rancen biliyoyi sai da sa hannun gwamnati cewa baitulmali ne zai cike. Ma'ana kuɗin asibiti da na makaranta ne jingina.

Abin da ya fi damuna a duk lamarin shi ne wanda zai iya cewa a tsaya. Bari in ba ka labari. A wata masana'anta, na'urar kariya ta wani babban tiransfoma ta dinga yanke wuta, ana cikin sauri za a cika odar Sallah. Na ce a ba ni kwana biyu in gano dalili. Mai wurin ya ce a tsallake na'urar da waya, a ci gaba da aiki, bayan Sallah a duba. Na ƙi, aka sa wani ya yi. Kwana 9 tiransfomar ta kama da wuta, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma aiki ya tsaya wata biyu. Tun daga ranar na gane cewa kariya ba a jikin na'ura kaɗai take ba, tana wajen mutumin da in ya ce a'a ba mai iya korarsa. A harkar nukiliya wannan mutum shi ne hukumar sa ido. Nemo dokar da ta kafa ta ka karanta. Wa ke naɗa shugabanta, wa ke iya cire shi, daga ina albashin ma'aikatanta ke fitowa? In tana ƙarƙashin ma'aikatar da ke son a gina tashar, ba ta da haƙori. Kwamitin binciken da majalisar Japan ta kafa bayan Fukushima ya gano masu sa idon sun yi kusa da kamfanonin da suke sa wa ido fiye da kima, shi ya sa aka rushe tsarin aka kafa sabuwar hukuma a 2012.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta bi abin a jere, kuma ya kamata a yi koyi da jerin ko da ba a da aljihunta. Ta fitar da manufa a rubuce a 2008, ta kafa hukumar sa ido a 2009, ta ba kamfanin Koriya ta Kudu kwangila a ƙarshen wannan shekara, aka fara gini a 2012, injin farko na tashar, mai suna Barakah, ya hau layi a 2020, na huɗu ya kammala shiga aiki a 2024. Yau tashar tana ba da kusan rubu'in wutar ƙasar. Ka ga ko da kuɗi a hannu, shekara 12 aka yi kafin ƙwan farko ya kama. Hukumar ta Biyana ma shekara 10 zuwa 15 take cewa, ta kuma jera fannoni 19 da ƙasa za ta shirya. Duk ɗan siyasar da ya ce maka kafin ƙarshen wa'adinsa za a sha wutar nukiliya a ƙasar da ba ta fara komai ba, ka san inda za ka ajiye maganarsa.

Mutanen da za su riƙe tashar ma lissafi ne. Ɗaruruwa ake buƙata, daga masu zama a ɗakin sarrafawa zuwa masu walda da aka tantance, kuma horar da su shekaru yake ci. A nan muna da ɗan abin alfahari kusa da mu: a Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike mai kusan kilowat 30 da yake aiki tun 2004. Ba ya ba gari wuta, na gwaje-gwaje ne da koyarwa, amma a irinsa ake renon hannu. Gana ma tana da irinsa kusa da Akara. Duba ko shirin ya faɗi yara nawa za a tura karatu bana, da abin da zai hana su tsayawa can in sun ƙware.

Maganar yuraniyom da Alhaji ya fara da ita, sai da muka zo nan na taɓa ta, domin ita ce mafi ƙarancin nauyi. Na ce, "Alhaji, kana da auduga a gona, shi ke nan kana da shadda?" Ya yi dariya ya ce a'a. Abin da ake haƙowa a Arlit, a arewacin Nijar, tun 1971 ana mayar da shi wani gari ne rawaya. Ɓangaren da ke ba da wuta a cikinsa kashi 0.7 ne kawai cikin 100, sai an kai shi an inganta zuwa kashi 3 har 5, sannan a dunƙula shi a jera a sanduna daidai da injin da zai ci shi. Masu wannan ingantawa 'yan ƙalilan ne a duniya, irin su Rasha da Faransa da Sin da wata haɗakar Ingila da Holan da Jamus, kuma ana sa mata ido sosai saboda hanyar bam ma ta nan take bi. Arzikin yuraniyom yana ba ƙasa bakin ciniki, ta nemi farashi mai kyau ta zuba kuɗin a layuka da makarantu. Bai rage mata ko ɗaya daga cikin tambayoyin baya ba.

Ruwa kuma ka duba taswira. Koeberg ta Afirka ta Kudu, wadda ita kaɗai ce ke aiki a nahiyar tun 1984, a bakin teku take, haka Barakah da Dabaa da Akkuyu. Faransa kanta takan rage ƙarfin wasu injunanta in koguna suka yi ɗumi, kamar yadda ta yi a 2022. Ka kwatanta da kogin Kwara a Yamai a watan Afrilu, ko madatsar Tiga a ƙarshen rani, ga manoma ga masu sha. Ana iya yi a busasshiyar ƙasa, tashar Palo Verde a hamadar Amurka da tacaccen ruwan kwatamin birni take sanyaya kanta, amma tsada ce a kan tsada. Sharar makamashin da ya ƙone kuwa ba ta da yawa, ana iya adana ta shekaru a manyan tukwanen ƙarfe da kankare, Finlan kuma ta haƙa mata ma'aji fiye da mita 400 a cikin dutse. Abin dubawa shi ne ko an tanadi asusu da za a riƙa cire wani abu daga kuɗin kowace wuta da aka sayar, don shara da rushe tashar in ta tsufa.

Kada ka raina ra'ayin jama'a. Ostiriya ta gama gina tasha cak, aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1978, masu ƙi suka rinjaya da ƙyar, ba a taɓa kunna ta ba. Lituweniya ta rufe tasharta ta Ignalina a 2009, ta koma sayen wuta daga waje, duk da haka da aka tambayi mutane a 2012 ko a gina sabuwa suka ce a'a. A fara zama da masu gari da malamai da manoman wurin tun kafin a auna fili, a faɗa musu gaskiya har da labarin fashewar tashar Chernobyl ta Yukren a 1986, da abin da ya bambanta injunan yau da wancan.

Za ka ji ana ta yabon ƙananan injuna, masu megawat 300 ko ƙasa, waɗanda za a ƙera a masana'anta a kawo a dasa. A takarda su ne daidai da layinmu, ni ma a kansu idona yake. Sai dai waɗanda ke aiki yau 'yan kaɗan ne, akwai na kan jirgin ruwa a arewacin Rasha, akwai na Sin, wani shiri kuma da aka fi sa wa rai a Amurka an soke shi a Nuwamban 2023 da farashi ya tashi. Shawarata ita ce ƙasa mai ƙaramin aljihu kada ta zama mai sayen farko. Ta bari a gina uku ko huɗu a wani wuri, ta aika injiniyoyinta su zauna a can su ga littafin gyara da idonsu, ita kuma ta yi amfani da shekarun jiran wajen gyara layi, da sa mita, da kafa hukuma, da cike giɓi da sola da madatsun ruwa da iskar gas.

Da yara suka tayar da janaretan, Alhaji ya karɓi biro ya juya bayan rasiɗin da na ba shi, ya ce in maimaita masa a hankali. Ya rubuta lambar layi a raba 10, ya rubuta maƙwabciya, ya rubuta bashi da mai biya, ya rubuta wanda zai ce a tsaya. Ya ce yana da ɗan ƙane da ke karatun injiniya a Yamai, zai kai masa takardar ya nemo lambobin ƙasarsu na gaskiya, in ya dawo sayen gero bayan kaka mu zauna mu yi lissafin tare. Na ce ya taho da yaron in hutu ya kama, in samu wanda zai kai mu Zariya ya ga injin da idonsa.